Ranar da na zama hancin Kaka

Shekarar da zazzaɓi ya kashe wa Kaka hanci, ni kaɗai ta gaya wa. Ga sunan ɗan kawuna ya matso, kuma duk garinmu Kaikai an san miyar taro sai ita.

Ranar kasuwar Kusada ta ja ni wajen masu daddawa. Ta raɗa mani, "Yau ke ce hancina. Ta kalwa zalla nake so. In ba ta yi ba, ki taka mani ƙafa."

Sai ta ɗauki guda ta shinshina kamar gaske, ta miƙo mani wai in riƙe mata. Daga wannan mai daddawa zuwa waccan, na yi ta taka ƙafar nan har na ji tausayinta. A faifan wata tsohuwa 'yar Kunduru ƙamshin miyar Kaka ya daki hancina, na tsaya cik.

Kaka ta ce, "Juye mani duka."

Tsohuwar ta yi dariya. "Hajiya, hancin nan dai bai tsufa ba."

Kaka ta matse hannuna, ko kallona ba ta yi ba.

Na ci jarrabawa iri-iri bayan nan, amma ba wadda ta fasa mani kai kamar ta ranar.