Saƙar Gidan Inna Kaltume

Karo na uku ke nan Hajiya Fanta tana warware safar jaririn da take saƙawa. Ba rashin iyawa ba ne. Hannunta ne kawai ke kan kwarashi, idonta kuwa yana kan 'yarta Mubina.

Tun ranar Juma'a suka baro Kano zuwa ƙauyensu da ke gefen Kunci, don mahaifiyarta, Inna Kaltume, ta aiko a zo. Saƙon ba shi da tsawo: kowa ta taho da zaren ulu da ƙyallayen atamfa, za a kwana biyu ana haɗa kayan jariri. Jaririn wa? Oho.

Wanda bai san Inna ba sai ya ce rigimar tsufa ce. Amma tsohuwar nan ungozoma ce tun da ƙuruciyarta, daga tafiyar mace take gane ciki. Kuma ba ta faɗa da baki. Sai dai ta tara matan zuri'a a yi ta saƙa, ranar watsewa ta ƙulle kayan ta ɗora a cinyar mai rabo, a gaban kowa.

A nan hankalin Fanta ya tashi. Ƙanwarta Indo ba ta daɗe da yin arba'in ba, goyonta ɗanye shar. Saura wa? Saura Mubina, autarta, wadda aka sa wa ranar aure bayan babbar Sallah, har dangin miji sun kawo lefe. Ga shi kuma ran sunan ɗan Indo, Fanta ta lura da yadda Inna ta daɗe tana kallon tabarmar da suke zaune ita da yarinyar.

Tambayar Inna kuwa ba ta ma taso ba. Fanta ce 'yar fari. Tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta haɗa ido da ita, in magana ta kama sai ta bi ta bakin Indo. Kunyar mutanen da ce, ba ta da magani.

Sai ta koma sa ido. Ran Asabar suka baje a inuwar darbejiyar tsakar gida. Inna na jera ƙyallaye tana haɗa ɗan bargo, Indo na saƙa hula, Mubina na fama da rigar sanyi mai ruwan ƙwai. Da rana yarinyar ta ƙi cin komai, wai ramuwar azumi take yi. Ramuwa dai! Ita da Indo sai ƙus-ƙus, da zarar Fanta ta ɗago su sunkuyar da kai. Ga wani ladabi da ya sauko wa Mubina babu gaira babu dalili. Yarinyar da a gida sai ka yi ta kira kafin ta ajiye waya, yau ita ce karɓe guga daga hannun uwa, ita ce kawo matashi, ita ce hana ta ɗaukar ko da kujerar tsuguno. Fanta ta haifi 'ya'ya ta aurar, har da jikoki, ta san ladabin mai laifi in ta gan shi.

Damuwa ta hana ta sakat. Miyar kukar Inna da take marmari tun daga Kano, tana jin warin daddawarta ta ture kwanon. Haka ta wuni tana tsotsar tsamiya, barci na fizgarta a kan saƙa. Ta ce a ranta yarinyar nan sai ta sa mata hawan jini. Da wane baki za ta gaya wa mijinta Alhaji? A mayar da lefe? Ita da ta sha zaunar da matan unguwa tana koya musu yadda ake tarbiyyar 'ya mace.

Ta gwada dabara. Ta ce Alhaji ya kira, dole su koma da yamma. Inna ba ta ko ɗago ba, ta ce wa Indo ta shaida wa waccan cewa bargo bai haɗu ba tukuna.

Da la'asar ta ritsa Mubina a bayan rumbu.

“Dube ni nan. Akwai abin da ya kamata in sani?”

Mubina ta rufe baki da mayafi. “Umma, ba daga bakina za ki ji ba. Inna ta hana.”

Fanta ta so ta mare ta, ta so ta rungume ta, ƙarshe ba ta yi ko ɗaya ba.

Ran Lahadi da hantsi matan maƙwabta suka fara shigowa, kamar yadda suka saba duk ranar ƙullin Inna, kowacce da gyaɗarta a gefen zani tana jiran kallo. Direba ya tayar da mota a waje. Fanta ta zauna dab da Mubina, ta kama hannunta ta riƙe gam. Ta riga ta yanke shawara: duk abin da zai faru, 'yarta ce, tare za su sha kunyar.

Inna ta ninke bargon, ta jera hula da safa da rigar sanyi, ta ƙulle a sabon zani. Ta dafa bango ta miƙe. Ta taho a hankali tana jan ƙafa, ta wuce Indo, ta wuce Mubina ko kallonta ba ta yi ba, ta sauke ƙullin a cinyar Fanta, sannan ta kawar da kai gefe.

“Indo, gaya wa waccan ta fara zuwa awo. Wata uku ke nan, duk gidan nan ita kaɗai ce ba ta sani ba.”