Hannun da Ya Tashi da Kansa

Tunda ka ce ka gaji da tsayuwa gaban madubi hannu a kunci, kana so a haɗa ka da mutum ku gwabza, zauna in ba ka misalin wani mahauci. Shi ba sabon shiga ba ne irinka. Tun kafin gemu ya fito masa yake damben gargajiya, bayan kaka ya bi gari gari, dama a naɗe da zare, hagu a buɗe tana tarewa. Ka san dokar can: da zarar gwiwar abokin karawarka ko hannunsa ya taɓa ƙasa, ka kashe shi, magana ta ƙare. Sai ka ɗaga hannu sama, ka juya wajen masu kalangu su wasa ka. Ya yi hakan sau ba adadi, har hannun ya daina jiran a ce masa tashi. Da shekaru suka fara ja, samari suka cika fili, sai ya shigo birni ya faɗa wannan damben namu na naushi da shuri, yana ganin a nan zai ci sauran ƙarfinsa. Da safe yana kan teburin nama, da yamma yana wajen horo, kuma wuƙar nan ta safe ita ke riƙe da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa. Mai horar da shi ya dube shi ya ce, "Naushinka ba ya son gyara. Abu ɗaya nake roƙonka: haɓa a ƙasa, hannu biyu a kunci, kada ka sauke su sai alƙali ya shiga tsakani, ko da ka ga mutum a kwance."

Kada ka zaci taurin kai ya yi. Da ma shi ya yi, da labarin ya fi daɗin bayarwa, sai in ce maka ga sakamakon ƙin jin magana, mu tashi. Wallahi ya ji. Ƙato da shi, mai suna a garuruwa, ya tsaya sahu ɗaya da 'yan koyo yana gyara tsayuwa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, yana takawa ba tare da ya harɗe su ba. Har tawul ake maƙala masa a ƙarƙashin haɓa don kada ya ɗaga kai. Ana yi masa dariya yana haɗiyewa. Aka daɗe ana haka, har kowa ya ce ya gyaru, shi ma ya yarda ya gyaru. Ranar karawarsa ta farko aka haɗa shi da wani siririn saurayi wanda a filin gargajiya ko zare ba zai naɗa dominsa ba. Ya kai masa dama, saurayin ya goce, santsi ya kwashe shi, gwiwar saurayin ta dungura ƙasa. Zamewa ce kawai, alƙali bai ko motsa ba. Amma jikin mahaucin ya ga gwiwa a ƙasa. Kafin kansa ya tuna inda yake, hannu ya tashi sama, fuska ta juya tana neman makaɗan da babu su. Saurayin kuwa ya riga ya miƙe, kuma ya yi abin da aka koya masa tun ranar farko: ya ga kai a buɗe, ya aika ƙwauri. A bayan kunne ya same shi.

Ya farfaɗo, amma damar nan da ta kayar da maza ba ta sake tsayawa cik ba, rawa take yi dare da rana. Mahauci mai rawar hannu kuwa ba a bar masa wuƙa. Ƙanensa ya karɓi teburin, shi aka ba shi mafici yana korar ƙuda daga kan nama. Na gan shi da idona, kuma abin da na gani ya hana ni cin abinci ranar: wani ɗan dako ya zame a gaban rumfar, gwiwa ta taɓa ƙasa, sai ga hannun nan mai rawa yana tashi sama da maficin a ciki. Ya kamo shi da hagu ya mayar kan cinya, ya sunkuyar da kai.

Abin da jiki ya fara sha, shi zai amayar ranar da ido ya rufe, kuma ba ni da maganin wannan, babu mai shi. Kai naka jikin bai sha komai ba tukuna, shi ya sa na hana ka mutum na ba ka madubi. Tashi ka mayar da hannunka kunci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.