Boljoyin Ƙafar Hagu

Sifanar ta sake zamewa daga kan notin, ta gwaru da ƙarfe, Direba ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

Gyaran fitila fa kawai ya kawo shi garejin ƙaninsa, Auta. Fitilun gingimarin nan sun ishe shi. An canza ƙwai, an sake canzawa, amma da ya hau titi da dare sai ka ce aci-balbal aka kunna masa. Auta ya kunna su, ya kalle su, ya kalli yayansa. Sai ya zagaya ya girgiza tayar gaba ta hagu, ya ce wai boljoyin ya mutu, wato ƙwallon ƙarfen nan da ke riƙe ƙafar mota. Kafin Direba ya buɗe baki har an ɗaga mota a jak, an cire taya.

Ga tumatir shaƙe a bayan mota yana ɗigar da ruwa. Ga mai kaya yana ta safa da marwa, waya a kunne. Mai mota kuwa tun da safe ya gama magana: in kayan nan ba su isa kasuwa da asuba ba, Direba ya ajiye makulli. Makon jiya ya fasa madubi a jikin gada, makon da ya gabace shi kuma ya afka rami, an gaji da shi. Mutum mai iyali, gemu ya fara furfura, ina za shi in an karɓe makulli?

Abin da ya fi ƙona masa rai, Auta ba baƙon aiki ba ne. Shi da kansa ya kai shi koyon kanikanci tun bai iya fyace majina ba, kuma yau duk layin nan an san hannunsa. Cire boljoyin kuwa ko direba ya haddace. Ka zare 'yar ƙusar da ta tare noti da filaya. Ka sa sifana mai zobe daidai girman notin, ka zura mata bututu don ƙarin ƙarfi. Noti na fita, ka ɗauko babbar guduma ka doki gefen ƙarfen da ya riƙe boljoyin ɗin, ya faɗo da kansa. Shi ke nan fa!

Amma yau Auta sai ka ce musanya shi aka yi. Sifana mai buɗaɗɗen baki ya ɗauko, wadda ta yi wa notin yawa, tana ta cinye masa kusurwa har ya mulmule.

"Kai, ina mai zoben?"

"An ara, Yaya."

"To aika a sayo sabon boljoyin kafin a rufe shaguna."

"Sai mun cire wannan mun ga girmansa."

Direba ya ja dogon tsaki, ya nufi akwatin kayan aiki ya duba da kansa, ya yi tuntuɓe da tayar da aka cire. Wane sakarai ne ke ajiye taya a tsakiyar hanya? Ya zauna yana murza ƙauri, yana ji kamar ya fashe.

Rana ta yi ja. Auta ya koma saran notin da kurfi, ƙwas, ya huta, ƙwas, ya huta, kamar mai sassaƙa cokali. Da notin ya rabu, sai ya ɗauko wata 'yar gudumar kafinta ya hau dukan kan zaren da noti ke murɗuwa a kai, wurin da ko mahaukaci bai taɓawa. Yana duka, zare yana bajewa. Aka kira magariba, ya miƙe ya tsaya wanke hannu da sabulu sai ka ce ango. Ko da suka idar da salla, masu sayar da kayan gyara sun ja ƙofofinsu.

Nan fa zuciya ta zo wa Direba wuya. Ya bangaje Auta, ya durƙusa ƙarƙashin benci yana lalube. Hannunsa ya faɗa kan babbar guduma, kusa da ita kuma ga sifana mai zobe a kwance, wadda aka ce an ara. Ya shiga ƙarƙashin mota yana huci. Dukan farko ya sami iska. Ya shafa wurin da hannu, ya sake ɗirkawa, ya ƙara. Boljoyin ya faɗo ƙasa tim.

Ya ɗauka ya murɗa. Gam yake, ko motsi babu. Robarsa ba ta tsage ba, giris cike. Lafiyarsa ƙalau, in ban da zaren da aka baje da gangan, wanda ba zai ƙara karɓar noti ba. Motar nan ba inda za ta sai gari ya waye.

Ashe cin amana ne! Ɗan'uwansa, ciki ɗaya, shi ya raba shi da abincinsa. Direba ya fito, ya cakumi wuyan rigar wanda ke tsaye a gabansa, ya ɗaga shi har sai da ya yi ɗage.

"Me na yi maka, Auta? Ni za ka tozarta? Wa ya sa ka? Faɗa mini, don Allah, kafin in yi abin da za a yi da-na-sani!"

Wanda ke hannunsa sai kakari yake. Muryar Auta kuwa daga bayansa ta fito, a sanyaye.

"Yaya, saki bawan Allah, mai kaya ka shaƙe, ni ga ni nan a bayanka. Fitilunka ba abin da ya same su, idanunka ne. Da wannan dundumin kake so in bar ka ka hau titi da dare?"