Tulun da Aka Yi wa Kwalliya

Tunda gobe za ka kai aikinka gaban alƙalai, ga shi kuma har yanzu hannunka ya ƙi barin taɓa shi, zauna ka ji abin da ya sami wata mai ginin tukwane.

Matar nan a cikin yumɓu ta tsufa. Tulunta ba ya yoyo, ruwa kuma in ya zauna a ciki sai ya yi sanyi har ya kama haƙori. Amma duk tsawon rayuwarta ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalli aikinta don kallo kawai. Mai saye zai ƙwanƙwasa da yatsa, ya kasa kunne, ya yi tayi, ya wuce. Abin na cin ranta, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. A garinsu kuwa akwai wani ɗan ɗakin baje aikin hannu, tsohon ɗakin karatu ne aka shafe shi da farar ƙasa. Duk shekara masu zane da marina da masassaƙa kan kai ayyukansu, alƙalai su zo daga wani gari su zaɓi waɗanda za a nuna wa jama'a. Wata ran kasuwa mai kula da ɗakin ya biyo ta rumfarta, sai ya yi turus gaban wani tulu. Wajen gashi harshen wuta ya lashi gefensa, ja ya shiga baƙi, baƙi ya shiga ja. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya zagaya shi, ya sake zagayawa, sannan ya ce, "Inna, kada ki sayar da wannan. Ki kawo mana shi gasa."

Ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna. Sai dai da ta zauna ta ƙura wa tulun ido, baƙin nan ya tsaya mata a rai. A saninta baƙin wuta aibi ne, shi ke sa mai saye ya karya farashi. Ta ɗauka mutumin kara ya yi mata, bai so ya ambata ba. Ita kuma ta tashi a gidan da ba a zuwa gaban manya da kayan aiki. Ko ƙwaryar da za a kai gidan surukai sai an wanke ta an goge. Saboda haka ta sayo fenti mai ƙyalli, shuɗi da ruwan azurfa, ta shafe tulun tas, har ta ɗiga masa furanni a wuya. Ta fi kowa sanin fenti na toshe jikin yumɓu, amma ta ce a ranta ai wannan na kallo ne, ba na sha ba. Ta naɗe shi a sabon zane ta aika.

Ranar buɗewa ta ciro zanenta na ƙasan akwati ta tafi. Tana shiga ta ga abin da ta daɗe tana so: mutane tsaye, hannu a baya, suna kallon rini da sassaƙa, ba mai tayi, ba mai ƙwanƙwasawa. Ta bi bango ɗaya bayan ɗaya tana neman nata, ba ta gan shi ba. Can mai kula da ɗakin ya hango ta, ya zo ya rusuna ya ce, "Inna, na yi ta jiran tulunki, bai zo ba." Ta ce ta aiko kuwa. Ya kai ta ɗakin baya inda aka tara waɗanda alƙalai suka ƙi, ta nuna masa shi yana ta ƙyalli a lungu.

"Kwalliya na yi masa, ɗan nan," in ji ta. "Kunya na ji a ga baƙin."

Ya ce, "Wayyo Inna, ai baƙin nan ne ya tsayar da ni."

Ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma ce alƙalai sun yi son kai ba. Ta ɗora tulunta a ka ta kama hanya. Da ta isa gida ta cika shi da ruwa, don kada a yi biyu babu. Da la'asar ta kamfata ta kai baki, ta ji shi da ɗumi kamar yadda ta zuba.

Ni dai tausayinta nake ji, don ban ga wauta a abin da ta yi ba. Girmamawa ce ta yi mata yawa. Kai ma ajiye burushin nan, ka bar aikin ya tafi yadda ya fito daga hannunka. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira ake rasa ido.