Gurmin da Baba ya taka

Shekarar da Faransawa suka tafi, na saci guntuwar jar fata a rumfar Baba, baduku a Zango, na rufe ƙwarya da ita na haɗa gurmi. Da la'asar ya same ni bayan ɗaki ina kaɗawa.

Ya ce, "Mu dukawa ne. Ba a taɓa haihuwar maroƙi a gidan nan ba."

Sai ya taka shi. Har yau ina jin fashewar ƙwaryar nan.

Ban yi kuka ba. Na tsince tsirkiyar na ce, "Baba, ai ƙwarya ba ta ƙare a kasuwa ba."

Na sha mari. Ga furfura yanzu, ban iya gurmi ba, amma kowace la'asar a ƙofar gida nake kaɗa shi, inda kowa zai ji.