Man Shanu a Irving Park

Kitsen ya fara hayaƙi a cikin obin, murhun gashi na Turawa, Daso kuwa ko gezau. Hayaƙin take jira. Wanda bai san wannan abincin ba shi ke tsoron hayaƙinsa.

Turawan Ingila fudin suke ce masa, da gasasshen naman sa suke cinsa ranar Lahadi. Ba wani abin a zo a gani ba ne: fulawa, ƙwai, madara, gishiri, a kaɗa, a bar ƙullun ya huta. Amma in kitsen bai yi zafin da zai sa ƙullun ƙara ba, kwanciya zai yi kamar tsohon takalmi, ko kare sai ya yi shawara kafin ya ɗauka.

Matar gidan, Misis Magi, tana tsaye a ƙofar kicin tana murza yatsu. Ubanta ne a ɗakin cin abinci, Mista Hadin, tsohon Baturen gyaɗa na Nguru tun zamanin mulkin Turawa. Ido ya tafi, tsufa ya rikita shi, Turancin ma ya gudu ya bar shi da wata tsohuwar Hausa da ba mai ji a gidan. Yanzu kuma ya kulle baki ya ƙi abinci. Likita ya yanke magana: in bai ci yau ba, gobe sai gidan jinyar tsofaffi, inda ba mai shiga wurinsa sai dangi. Daga nan Daso da ganinsa sai dai a lahira.

Ɗan Daso, Uwaisu, mai karatu a jami'a, shi ya kawo labarin cewa ana neman mai jin Hausa, mai iya girki, a wani gida a unguwar Irving Park. Jegon matar Uwaisu ne ya kawo Daso garin Greensboro na Amurka a shekarar tamanin da huɗu, ba aikatau ba. Amma da ta ji sunan Nguru da na tsohon, ta sauke jikarta daga baya ta ce a kai ta.

Ranar farko Misis Magi ta ƙare mata kallo ta ce ba ta yi kama da sauran 'yan Najeriyar da ta sani ba.

"Mu Fulani haka muke," in ji Daso, ta gyara ɗankwali ta rufe gashinta.

Ƙwan kaji ta ƙi. Sai da Uwaisu ya kai ta har ƙauyen Pleasant Garden wurin wani manomi mai zabi. Shanun ƙasar nan ba su da tozo, dole ta haƙura da kitsen da ya tsiyayo daga naman, ta ƙara masa man shanun da ta soya da albasa da hannunta. Wadda ta koya mata haka take yi, kuma ba ta taɓa buɗe littafin girki ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Ta jawo tandar ƙarfen mai ramuka irin na waina, ta ɗauki ludayi da hagu ta zuba ƙullun. Ya yi cuuu. Ta tura, ta rufe.

Sai na'urar hayaƙin da ke jikin rufi ta ɓarke da kuka. Misis Magi ta yo kan obin.

"Zai ƙone! Bari in duba."

Daso ta tare ƙofar da jikinta. "Kika buɗe, iska ta shiga, ya kwanta. Ƙullun kuma babu saura."

"Gidana ne fa."

"Gidanki ne. Girkina ne. Je ki buɗe taga."

Suka tsaya ido cikin ido, haɓa a ɗage, ba mai niyyar sauke tata. Daga ɗakin cin abinci tsohon ya yi wani gurnani. Misis Magi ce ta juya.

Daso ta durƙusa gaban gilashin obin. Ƙullun na kwance. Bakinta na motsi da duk addu'ar da ta zo mata. Har ta fara saddaƙarwa, sai gefen ɗaya ya ɗago. Na kusa da shi ya bi. Suka kumbura, suka yi ja, suka haura bakin ramukan.

Ta yanka naman, ta ɗora fudin ɗaya, ta kwarara romo a cikinsa. Ta kai gaban tsohon.

"Baba, ga abinci."

Ya kau da kai kamar kullum. Misis Magi ta rufe fuska. Can sai hancinsa ya motsa. Ya laluba da hagu ya sami cokali, ya gutsura, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Ya ƙara. Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa.

"Hadijatu," in ji shi da Hausa, "na ce ki daina sa mini man shanu, ba kya ji."

"Me ya ce?" Misis Magi ta kama hannun Daso. "Don Allah me ya ce?"

"Ya ce a ƙaro masa."

Matar ta ruga kicin da faranti. Daso ta jawo kujera ta zauna a teburin da ba a taɓa ce mata ta zauna ba, ta kai baki kunnen tsohon.

"Hadijatu ta rasu bara, Baba. Ni ce cikin da ka tafi ka bar ta da shi."