Loma da Hannun Dama

Loma ɗaya ta isa bakinsa ranar Laraba, wata uku bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tsohon manomi ne a Roni. Likitar gashin ƙashi a Kazaure ta ce ya riƙa ci da hagu kafin hannun ya dawo.

"'Yata, shekara saba'in ban ci da hagu ba. Ba yanzu zan fara ba."

Sai ta koya masa motsa yatsu, ta hana a ba shi a baki.

Kullum tuwo a tabarma yake ƙarewa. Maƙwabta suka ce matarsa ba ta da tausayi.

"Saura, Malam," in ji matar, ta danne hannayenta a ƙarƙashin cinya don kada su kai masa.

Loma ta biyu tana nan tana rawa tsakanin kwano da bakinsa.